KIWON MESA DON LAUNI: A NEMI RIBA, A TSARE UWA

In an ce mesa a ƙasarmu, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ƙatuwar macijiyar nan ta bakin fadama mai haɗiye ɗan akuya, ko wadda gardi ke ratayawa a wuya ran kasuwa, ko kuwa fatar da dukawa ke ɗinka jaka da takalma da ita. Da wuya a sami wanda zai ce dabba ce da za a ajiye a ɗaki, a riƙa ɗora ta bisa sikeli ana rubuta nauyinta a littafi kamar jariri a asibiti. To, amma a Amurka da Ingila da Jamus da Japan akwai mutane masu yawa waɗanda sana'arsu ke nan. Suna kiwon mesa cikin akwatuna, suna haɗa wannan da waccan don su fid da 'ya'ya masu launi iri iri, su sayar wa masu sha'awa.

Mun ga ya kamata mu ba masu karatu labarin wannan sana'a saboda dalili biyu. Na farko, dabbar da ake yi da ita tamu ce, daga Afirka ta Yamma aka kwashe ta. Na biyu, a cikin sana'ar akwai lissafi mai daɗi, akwai kuma darasin da ya kamata kowane mai kiwo ya sani, ko da kaji yake kiwo.

WACE MESA CE?

Ba babbar mesa muke nufi ba. Wata 'yar ƙarama ce wadda tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, macen kuwa ta fi namijin girma. Ba ta da dafi, ba ta kuma da faɗa. In ta tsorata sai ta naɗe jikinta kamar gammo, ta cusa kai a tsakiya, har a iya mirgina ta a ƙasa. Don haka Turawa suka sa mata suna mesa mai dunƙulewa kamar ƙwallo. Wani masani ɗan Ingila, George Shaw, shi ya fara bayyana ta a littafi a 1802, masana kuwa suna kiranta Python regius, watau mesar sarauta.

Ana samunta tun daga Senegal har Sudan ta Kudu da Yuganda, da Nijeriya a ciki. Tana son daji mai ciyawa da gefen gonaki. Da rana takan ɓuya a ramin gafiya ko cikin tsohon suri, da dare ta fito farautar ɓeraye da ƙananan tsuntsaye. Launinta na asali baƙi-baƙi ne da zane ruwan zuma, cikinta fari. Mutanen garin Wida a ƙasar Benin suna girmama ta, har da ɗakin tsafi suka gina mata. Haka kuma Ibo na yankin Idemili a jihar Anambra ba su kashe ta, in kuwa wani ya kashe ta bisa kuskure sai a yi mata jana'iza.

Abin da ya sa masu kiwo suka fi sonta shi ne sanyin halinta, da ƙanƙantarta, da tsawon ranta. A hannun mai kula takan yi shekara 20 zuwa 30, wasu ma har su wuce 40.

YADDA LAUNI YA ZAMA DUKIYA

Masu dawaki a ƙasarmu sun san akawal da kili da bidi da danda, sun kuma san launi yakan ƙara wa doki kuɗi ko ya rage masa. To, haka abin yake ga masu kiwon mesa, sai dai nasu ya fi namu zurfi. Can ba a rasa ba, mafarauci a Gana ko Togo ko Benin yakan tono wata mesa mai launi dabam da na 'yan'uwanta. Irin wannan ce attajiran Turai da Amurka ke rububin saye, domin su gani ko 'ya'yanta za su gaji launin.

Wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne Bob Clark, mutumin Oklahoma a Amurka. Ya sami wani namiji zabiya da aka kamo a daji, fari da zane rawaya da jajayen idanu. Ya haɗa shi da mata masu launin asali, ya jira 'ya'yan suka girma, har a 1992 ya ƙyanƙyashe zabiya ta farko da aka samu a hannun mai kiwo. A 1997 kuma Peter Kahl na jihar Maryland ya fid da wadda za mu iya kira danda, watau mai manyan farare fat a jiki kamar an tsoma ta cikin nono. Daga nan sai launuka suka yi ta ɓullowa. Akwai wadda suke kira fastal, mai hasken rawaya. Akwai mai suna ayaba, rawaya da ɗige-ɗige baƙaƙe kamar ɓawon ayaba nunanniya. Akwai gizo-gizo, mai siririn zane kamar saƙar gizo. Da aka yi ta gauraya waɗannan, sai ga haɗe-haɗen launi dubbai.

A farkon fitowarsu, zabiya ko danda guda takan kai dubban daloli. Yau kuwa da 'yan ɗaruruwa ake sayensu, domin kowa ya samu. A riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

LISSAFIN GADO

Duk sana'ar nan tana bisa ƙa'idar da Gregor Mendel ya gano a lambun wake a garin Brno, cikin ƙasar Cek ta yau, ya buga ta a 1866. Ga yadda take a taƙaice. A kan kowace siffa, ɗa yana karɓar ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, guda ɗaya ta isa ta bayyana a jiki. Wata kuwa mai ɓuya ce, ba ta bayyana sai ta haɗu da 'yar'uwarta.

Zabiya da danda duk masu ɓuya ne. In an haɗa namiji zabiya da mace mai launin asali, 'ya'yan duka za su fito da launin asali, amma kowannensu yana ɗauke da ƙwaya ɗaya a ɓoye. In aka haɗa biyu masu ɗauke da ita, to kowane ƙwai yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama zabiya, biyu cikin huɗu na zama mai ɗauke da ƙwayar, ɗaya cikin huɗu na fita babu kome. Malamin da ke son nuna wa yara wannan, sai ya ba su kwabo biyu su yi ta jefawa sama suna rubuta yadda suka faɗi. Waɗanda ba zabiya ba kuwa, ido ba ya rarrabe su, don haka ake sayar da kowannensu da cewa yana da kashi 66 cikin 100 na ɗauke da ƙwayar, watau biyu cikin uku.

Fastal da wata da suke kira Mohabi rinjayensu rabi ne. Ƙwaya ɗaya takan sauya launi kaɗan, biyu su sauya shi ƙwarai. In Mohabi ta haɗu da wasu danginta na launi, akan sami mesa fara mai shuɗayen idanu, wadda ake so ainun.

Masana ma sun shiga maganar. A 2022 masu bincike na Jami'ar Gabashin Michigan, da saɓar da masu kiwo suka aika musu kaɗai, suka gano ƙwayoyin da ke kawo zabiya da wasu launuka biyu masu kama da ita. A 2023 kuma masana na Jami'ar McGill a Kanada da abokan aikinsu suka bayyana wadda ke kawo danda.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mesar nan sau ɗaya take ƙwai a shekara, daga 3 zuwa 11, galibi wajen 6. In an haɗa biyu masu ɗauke da ƙwayar zabiya aka sami ƙwai 6, lissafi ya nuna kusan sau 18 cikin 100 ba za a sami zabiya ko ɗaya ba. Wanda kuma ke son launi biyu masu ɓuya su haɗu a jiki ɗaya, kamar zabiya da danda, rabonsa ɗaya ne cikin 16, watau bisa ƙiyasi sai macen ta yi ƙwai kusan sau uku kafin ya dace. Ga shi kuwa farashi yana sauka kowace shekara. Namiji da shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, in ya kai giram 600 zuwa 800, ya isa barbara, kuma guda ɗaya yakan ishi mata da yawa. Mace ita ce ke tsai da mai kiwo. Wannan ne ke sa mai kwaɗayi gaggawa, gaggawar kuma kan macen take ƙarewa.

YAUSHE MACE TA ISA?

Masu kiwon da suka san abin da suke yi suna duba abu uku tare: shekaru, da nauyi, da ƙirar jiki. Ƙa'idar da akasarinsu ke bi ita ce mace ta kai shekara uku da nauyin giram 1,500. Wasu sukan fara tun tana giram 1,200, amma mafi yawan magana a kan 1,500 ta tsaya.

Dalilin wannan a fili yake. Ƙwan mesar nan manya ne, kowanne ya fi na kaza girma, in an haɗa su kuwa sukan kai sulusin nauyin uwar ko fiye. Daga kitsen jikinta take gina su, gama da yawa sukan bar cin abinci wata da watanni kafin su saka. Ƙaramar mace ba ta da ajiyar da za ta ɗauki wannan nauyi. Ko dai ta saka ƙwai kaɗan, ko ta saka baragurbi, watau ƙananan ƙwai masu tauri ruwan rawaya waɗanda ba kome cikinsu, ko kuwa ƙwan ya maƙale a cikinta. Maƙalewar ƙwai ita ce babbar masifa, domin in likitan dabbobi bai cire shi da wuri ba, sau da yawa da tiyata, macen takan mutu ko ta rasa haihuwa har abada.

Wasu masu wayo sukan ce tun da nauyi ake nema, bari su yi mata ɗura. Sai su riƙa ba ta ɓera a kai a kai har ta kai giram 1,500 tun ba ta cika shekara biyu ba. Sikeli ya yarda, amma jiki bai yarda ba. Kitse ya taru, gaɓoɓin haihuwa ba su ƙosa ba, kitsen da ya yi yawa kuwa shi kansa yana kawo baragurbi da ciwon hanta. Don haka muka ce a duba ƙira. Mace mai lafiya jikinta cike yake da tsoka, in an riƙe ta a ji ƙarfi. In ƙashin bayanta ya fito kamar tsinin jinka, ta rame. In kuwa fatarta ta buɗe tsakanin ɓawo da ɓawo, ta yi taiɓa kusa da wutsiya, to ƙibar ta yi yawa. Duk biyun ba su isa haɗi ba.

ALAMOMI DA KWANAKI

A daji, ƙwan mesar nan yana zuwa ne ƙarshen rani, tsakanin Fabrairu da Afrilu, 'ya'yan su fito da faɗuwar ruwa, lokacin da ƙananan ɓeraye ke yawa. Masu kiwo da yawa a ƙasashen sanyi sukan kwaikwayi sauyin yanayi, su rage ɗumin ɗaki da dare wajen Oktoba ko Nuwamba, sa'an nan su riƙa sa namiji cikin akwatin macen 'yan kwanaki su fid da shi.

Duk wanda ya taɓa fiɗar kaza mai ƙwai ya ga jerin gwaiduwa manya da ƙanana a cikinta. Irin waɗannan ne ke girma a cikin mesa. Gwanin kiwo yakan bar ta ta silale tsakanin yatsunsa ya ji su kamar carbi. Masu hali kuwa sukan sayi na'urar duban ciki, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita a asibiti, su auna girmansu. Lokacin da suke girma, macen takan nemi gefen sanyi, ta naɗe ƙwaryar ruwanta, launinta ya yi haske, daga baya ta ƙi abinci.

Sa'ad da gwaiduwar ta kai wajen milimita 40 zuwa 45, sai ta gangara mazaunin ƙwai. A ranar tsakiyar jikin macen yakan kumbura kamar ta haɗiyi gafiya, kumburin ya yi kamar yini da kwana ya sace. Daga nan aikin namiji ya ƙare, sai ƙidayar kwanaki. Bayan kamar mako uku za ta yi saɓa. Bayan saɓar da kamar kwana 30 ta saka ƙwai. A wannan tsakani takan koma gefen ɗumi, wani lokaci a tarar da ita kwance rigingine.

In ta saka, sai ta naɗe su tsaf ta yi kwanci. Wani masani Bafaranshe, Fabien Aubret, da abokansa sun yi bincike a Togo a farkon shekarun 2000, suka nuna cewa babban amfanin naɗin nan shi ne hana ƙwan bushewa, gama ɓawonsa laushi gare shi kamar fata. Amma akasarin masu kiwo sukan ɗauke ƙwan su sa a akwatin ƙyanƙyasa mai laima, da ɗumi digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas. Cikin kwana 55 zuwa 60 'ya'yan su tsaga ɓawo su leƙo. Uwar kuwa, a wanke ta, a wanke akwatinta don warin ƙwan ya fita, ta koma cin abinci. Ba a sake haɗa ta sai ta mai da nauyin da ta rasa, in bai komo ba a bar ta ta huta shekara guda.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da littafi. Ranar haɗi, ranar kumburi, ranar saɓa, nauyi kafin da bayan ƙwai, kowanne sai an rubuta, kamar yadda akawu ke tsare littafin shiga da fita. Har ma sunan uba sai an yi hattara, domin macen tana iya ajiye maniyyin namiji a jikinta ta yi amfani da shi daga baya, an kuma san wani lokaci takan yi ƙwai mai rai ba tare da namiji ba. A watan Yuli na 2020, wata mesa irin wannan a gidan dabbobi na Saint Louis a Amurka, wadda aka ƙiyasta shekarunta 62, ta saka ƙwai 7, alhali ta fi shekara 15 ba ta haɗu da namiji ba.

LAUNIN DA KE ZUWA DA CUTA

Ba kowane kyakkyawan launi ne alheri ba. Mai zanen gizo-gizo, wadda ta ɓullo a 1999, tana zuwa da lalurar karkarwar kai. Wata kaɗan take yi, wata kuwa har ta riƙa murɗa wuya tana kuskuren abinci in ta kai sara. Ƙwayar da ke kawo zanen ita ce ke kawo cutar, ba a iya raba su. Saboda haka a 2018 wata babbar ƙungiyar masu kiwon macizai a Ingila ta hana sayar da ita a wuraren baje kolinta. Akwai launin da in ƙwayarsa biyu suka haɗu ɗan ba ya rayuwa. Akwai mai kawo karkataccen ƙashin baya. Akwai kuma wanda suke kira hamada, wanda matansa ba su cika yin ƙwai mai kyau ba, da yawa ma ƙwan kan maƙale musu. Mai kiwon da ya san haka ya ci gaba da haɗawa don kuɗi, ya ɗauki alhakin dabba.

UWAYEN DA KE DAJI

Yanzu sai mu komo gida. Ko da yake ana ƙyanƙyashe mesar nan da yawa a Turai da Amurka, ba a daina ɗibarta daga Afirka ta Yamma ba, domin ta daji ta fi araha, kuma kowa yana fatan dacewa da sabon launi. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washington a 1973 ta fara aiki a 1975, ta sa ta cikin dabbobin da ba a fid da su daga ƙasa sai da takardar izini. Daga lokacin zuwa 2020 an fid da fiye da miliyan uku, kusan duka daga Benin da Togo da Gana.

Yadda ake yi shi ne, da rani mafarauta sukan bi ramuka da surai suna tonowa, su kwaso ƙwai da mata masu ciki. A ajiye su har su saka, a ƙyanƙyashe, a sayar wa masu fitarwa. Bisa ƙa'ida ya kamata a mai da uwayen daji tare da wani kaso na 'ya'yan. Amma binciken da aka yi a Togo aka buga a 2020 ya nuna sau da yawa ba inda aka kamo su ake sakinsu ba, mafarauta kuma suna ƙetara iyaka su tono a ƙasashen maƙwabta, da yawansu kuwa sun ce mesar ta ragu bisa yadda suka san ta shekarun baya. A 2021 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke raguwa ta sa ta cikin waɗanda suka kusa shiga hatsari. Manomi ma abin ya shafe shi, gama kowace mesa da aka ɗauke, ɓerayen da za ta ci suna nan suna ɓarnar rogo da masara.

Ɗan kasuwa a ƙasarmu ya san bambancin uwa da riba, ya kuma san wanda ya fara cin uwar kuɗi ya kama hanyar karyewa. A wannan sana'a kalmar ta faɗa daidai wurinta. Launi riba ne, yau yana da tsada, baɗi ya faɗi. Macen da aka bari ta cika shekara uku da nauyinta, ana hutar da ita in ta rame, tana iya yin ƙwai shekara ashirin ko fiye. Wadda aka yi wa ɗura aka haɗa ta tun ba ta isa ba, watakila cikin fari ya zama na ƙarshe. Sauri ya haifi nawa. Haka kuma ƙasar da ta bari aka tone uwayen da ke ramukanta ba tare da ƙidaya ba, wata rana za ta riƙe takardar izini a hannu, ta rasa abin da za ta sa a akwati. Muna fata hukumomin gandun daji na ƙasashen nan za su riƙa ƙidaya abin da ya saura a daji kafin su yanka adadin da za a fitar kowace shekara, su kuma tabbata kowace uwa ta koma dajin da aka ɗauko ta.